Wayar dish: me yasa mai haɗa dikoda da mai haɗa kyamara suke musu akan waya ɗaya?

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko wata babbar kasuwa domin siyan wayar dish yasan wannan abin. Mai shago zai ɗauko maka ƙulli biyu, dukkansu baƙaƙe, kaurinsu ɗaya a ido, dukkansu an rubuta RG-6 a jiki, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Ka tambaye shi bambancin sai yace "wannan orijinal ce, waccan kuma ta gama-gari ce", shikenan bayanin ya ƙare. Ka kira yaron da zai haɗa maka dish yace ɗauki mai arahar kawai duk ɗaya ne, ka kira mai saka kyamarar tsaro yace kar ka kuskura, wannan ƙarfe ce zalla. Toh waye mai gaskiya?

Ruɗanin ya ƙaru ne tun da aka fara komawa talabijin na dijital. Yarjejeniyar da ƙasashe suka cimma a Geneva a 2006 ta saka 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin tsohon tsarin analog, Najeriya bata cika wa'adin ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos, daga baya Abuja da Kaduna, Kano kuma a 2021. A tsohon tsari idan waya bata da kyau hoto zai yi yayyafi-yayyafi amma dai ana kallo a haka. A dijital babu wannan rangwamen, ko dai hoto ya fito tas, ko ya dinga tsinkewa yana yin ƙananan murabba'ai, ko kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Shi yasa mutane da yawa ke zagin dikoda ko kamfani alhali laifin yana cikin wayar dake bin katanga.

Me ke cikin wayar?

Sunanta na asali kebul ɗin kowaksiyal, ma'anar kalmar kuwa abubuwa biyu masu cibiya ɗaya, wato wani a cikin wani kamar yadda bargo yake a tsakiyar ƙashi. Idan ka yanka ta da reza zaka ga hawa huɗu. A tsakiya akwai tsinken waya guda ɗaya mai launin jan ƙarfe, shine yake ɗauko sigina. Sai farin abu mai kama da soso ko roba daya rungume shi, aikinsa ya riƙe tsinken a tsakiya daidai kar ya karkata. Sai garkuwa, wato takardar alminiyam mai sheƙi irin ta cikin kwalin magani da kuma saƙar siraran wayoyi kamar kitso a samanta. Na ƙarshe rigar waje, baƙa ko fara.

Garkuwar nan aiki biyu take yi. Ita ce hanyar da lantarkin ke bi ya koma, sannan ita ce ke tsare siginar a ciki kar ta zube waje, ta kuma hana hayaniyar waje shigowa, irin ta janareto, firji, injin markaɗe ko turken sabis ɗin waya. A gaskiya ma ƙarfin siginar yana tafiya ne a sararin dake tsakanin tsinken da garkuwar, wato cikin farin soson nan da mutane ke ɗauka kamar cikon banza ne. Wannan ne dalilin da yasa idan aka danne wayar da ƙusa ko aka lanƙwasa ta sosai a kusurwar taga take lalacewa ko da babu abinda ya tsinke a ciki.

Dabarar ta daɗe. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Oliver Heaviside ne yayi rajistar ta a 1880. Injiniyoyin Bell Labs a Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka fito da irin ta zamani a 1929. A 1956 aka shimfiɗa TAT-1, wayar tarho ta farko data ratsa ƙarƙashin tekun Atlantika daga Scotland zuwa Newfoundland, ita ma kowaksiyal ce, kira 36 take ɗauka a lokaci guda.

Maganar 75 da 50

A jikin waya mai kyau zaka ga an rubuta 75 ohm ko 50 ohm. Wannan shine ake kira impidans. Mutane na ruɗewa anan domin idan ka ɗauko mitar gwaji ka ɗora a bakin wayar ba zaka taɓa ganin 75 ba, ba irin turjiyar da mita ke aunawa bace. Lamba ce da take fitowa daga siffar wayar, kaurin tsinken tsakiya, faɗin garkuwa, da irin soson da aka saka tsakaninsu. Waya mai tsawon mita 1 da mai mita 100 duk 75 ɗin ce.

Amfanin lambar shine dacewa. Dikoda, talabijin, LNB (wato ɗan kan nan dake gaban farantin dish), eriya, duk an ƙera su akan 75. Idan sigina tana tafiya ta tarar da inda lambar ta canza, wani kaso nata zai dawo baya kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, sai wanda ya dawo ya dinga karo da mai zuwa.

Me yasa lamba biyu? Lissafi ya nuna cewa a waya mai iska a tsakiya, mafi ƙarancin asarar sigina yana wajen 77 ohm, mafi ɗaukar ƙarfin wuta kuma yana wajen 30. Masu karɓar sigina mai rauni daga sama sun fi damuwa da asara sai suka tsaya a 75. Masu watsawa, irin gidajen rediyo, oba-oba, eriyar wayfay da bustar sabis ɗin waya, suka ɗauki 50 a matsayin tsaka-tsaki. Don haka duk abinda ya shafi hoto da talabijin a gida 75 ne. RG-58 da ake gani siririya wajen masu rediyon sadarwa 50 ce, ba ta dish bace, ko da kuwa an sameta a araha.

RG-59, RG-6, RG-11

Haruffan RG sun samo asali ne daga jerin kayan sojojin Amurka na lokacin yaƙin duniya na biyu. Jerin ya daɗe da daina aiki a matsayin doka, yanzu sunan kusan girman waya kawai yake nunawa, babu wata hukuma da take hana masana'anta buga RG-6 a jikin duk abinda taga dama. Wannan shine tushen rikicin ƙulli biyun can na shago.

RG-59 ita ce siririyar, tsinkenta wajen milimita 0.8. RG-6 tsinkenta wajen milimita 1, kaurin wayar duka kusan milimita 7. RG-11 ƙatuwa ce mai tauri, tsinkenta milimita 1.6, kaurinta ya haura milimita 10. Iya kaurin tsinke iya ƙarancin asara.

Asarar ana auna ta da desibel, dB a taƙaice, kuma abinda ya kamata mutum ya riƙe shine duk dB 3 rabin ƙarfin sigina ne ya tafi. Sannan asarar tana ƙaruwa da abu biyu, tsawon waya da kuma firikwansi, wato saurin kaɗawar siginar. A firikwansin megahaz 1000, mita 100 na RG-6 mai kyau tana cinye wajen dB 21, RG-59 wajen 26 ko fiye, RG-11 wajen 14.

Yanzu a duba me ke bi ta cikin wayar. Tashoshin ƙasa da ake kamawa da eriya, irin na GOtv, StarTimes na eriya da akwatin FreeTV, suna zangon UHF ne daga megahaz 470 zuwa sama. Dish kuma daban. Tauraron ɗan adam yana aiko da sigina a zangon Ku tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wanda babu wayar gida da zata iya ɗauka, sai LNB ya sauke ta zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 kafin ya turo ta cikin waya. A can saman zangon, wajen 2150, RG-6 tana asarar kusan dB 30 a mita 100. Kaga kenan a mita 30 kawai dB 9 ya tafi, saura kashi ɗaya cikin takwas. Abinda ke ceton lamarin shine LNB yana ƙara wa siginar ƙarfi sosai, dB 50 zuwa 60, kafin ta shiga waya, shi yasa a gida mai mita 15 ko 20 kusan kowace RG-6 zata yi aiki. Matsalar tana fara fitowa ne idan tsawon ya doshi mita 50 zuwa sama, kuma alamar ta itace wasu tashoshi su ɓace wasu su rage, domin waɗanda suka faɗo a saman zangon su suke fara mutuwa.

A Nijar da sauran ƙasashe masu bin tsarin Faransa wani lokacin ba RG zaka gani ba, sai 17 VATC ko 19 VATC. Wannan sunan ma yafi faɗin gaskiya, lambar farko itace asarar dB a mita 100 a megahaz 800, saboda haka 17 tafi 19 kyau. Harafin V rigar PVC ce ta cikin ɗaki, idan kaga PATC kuma rigar foliyetilin ce baƙa ta waje.

Wani abin lura a kasuwa, ƙullin da ake kira "ɗari" sau da yawa yadi 100 ne, wato mita 91 da ɗoriya. Babban kwali kuma ƙafa 1000 ne, mita 305.

Jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe: inda musun yake

Tsinken tsakiya iri uku ne a kasuwa. Akwai jan ƙarfe zalla, wanda 'yan kasuwa ke cewa kwafa. Akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti da jan ƙarfe a waje, ana rubuta shi CCS. Akwai kuma alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, CCA. A ido duk ja ne. Gwajin farko mai sauƙi ne, kanga mayen ƙarfe a tsinken, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, idan ya kama to CCS ce. Idan bai kama ba sai a kankare tsinken da wuƙa, in fari ya fito a ciki alminiyam ce, in ja ne har ciki to kwafa ce.

Hujjar mai dish da yace duk ɗaya ne tana da tushe a kimiyya. Idan firikwansi yayi sama, lantarki baya ratsa cikin waya, a fatar waje kawai yake gudu. A megahaz 1000 zurfin da yake shiga cikin jan ƙarfe wajen maikiromita 2 ne, siririn gashin kai ma ya ninka wannan sau da yawa. Kenan siginar dish bata ma san akwai baƙin ƙarfe a ciki ba, fentin jan ƙarfen nan take bi. Kuma CCS ba jabu bace a karan kanta, manyan kamfanonin talabijin na kebul a Amurka da ita suke aiki shekara da shekaru, domin tafi araha, tafi jure ja idan an rataya ta daga turke zuwa gida, sannan tsinkenta mai tauri yafi shiga bakin dikoda ba tare da lanƙwashewa ba.

Amma fa wayar dish ba sigina kaɗai take ɗauka ba. Dikoda tana tura wa LNB wuta ta cikin wayar nan ɗaya, bolt 13 idan tana son tashoshin da ake wa alama da V, bolt 18 idan tana son na H, sannan akwai wani sauti na kilohaz 22 da take aikawa domin zaɓar saman zango ko ƙasansa. Ita wannan wutar ba a fata take gudu ba, dukkan kaurin tsinken take bi, kuma baƙin ƙarfe baya wuce da wuta kamar kwafa. Mita 100 na tsinken RG-6 na kwafa turjiyarsa wajen ohm 2 ce, na CCS kuma wajen 9 zuwa 10. A ɗauki misali, waya mai mita 60 ta CCS, tsinke da garkuwa a haɗe su bada wajen ohm 8. Idan LNB ɗaya ne mai jan miliamfiya 200, bolt 1.6 zai zube a hanya, 18 ta koma 16.4, har yanzu da sauran numfashi. Idan aka ƙara suwic ɗin DiSEqC mai haɗa dish uku ko huɗu, ko injin juya faranti, jan wutar ya ƙaru, sai 18 ta iya saukowa ƙasa da 15, LNB ya ɗauka 13 ake nufi. Sakamakon shine duk tashoshin H su ɓace na V suna nan lafiya lau, mai gida yayi ta juya faranti a banza.

Shi kuma mai kyamara nashi dalilin daban ne. Hoton kyamarar tsaro ta analog ba a ɗora shi akan babban firikwansi ba, yana farawa ne tun daga ƙasa-ƙasa, kusan haz 50, zuwa 'yan megahaz kaɗan, na zamani irin AHD da TVI da CVI su ɗan haura haka. A wannan ƙasan lantarki yana nutsewa cikin tsinken sosai, sai ya tarar da baƙin ƙarfe, hoto ya dusashe, launi ya wanke, layuka su dinga yawo a allo. Garkuwar alminiyam ma bata tare hayaniyar ƙananan firikwansi kamar yadda saƙar kwafa mai kauri take yi. Shi yasa wayar kyamara ta ƙwarai take zuwa da tsinken kwafa zalla da saƙar kwafa mai rufe kashi 95 cikin 100, kuma abin mamaki RG-59 siririya ta kwafa tana iya fin RG-6 ta ƙarfe kyau a wannan aikin. Akwai ma wadda ake haɗa ta da wayar wuta ta bolt 12 a manne kamar tagwaye.

Kenan kowannensu yana faɗin gaskiyar sana'arsa ne, kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauki hukuncin wani aiki aka kai wani. CCA ce dai ba a cika samun mai kare ta ba, tana karyewa idan aka lanƙwasa ta sau biyu uku, kuma da danshi ya taɓa ta take zama farin gari. Haka kuma akwai CCS ta banza wadda fentin jan ƙarfen bai kai ya kawo ba, damina ɗaya tsatsa ta cinye bakin.

Garkuwa: biyu, uku ko huɗu

RG-6 ta yau da kullum tana da takardar alminiyam ɗaya da saƙa ɗaya mai rufe wajen kashi 60. Akwai mai hawa uku, akwai mai hawa huɗu, takarda biyu saƙa biyu. Masu sayarwa suna tallata mai huɗun kamar tafi ƙarfin sigina, wannan ba haka bane, yawan garkuwa baya rage asarar tsawo, hayaniyar waje kawai yake tarewa. Wanda ke kusa da turken sabis ko gidan rediyo zai amfana da ita, musamman mai eriyar ƙasa, tunda yanzu kamfanonin waya suna amfani da zangon megahaz 700 da 800 na 4G wanda yake maƙwabtaka da tashoshin UHF. Wanda yake ƙauye nesa da komai kuma mai hawa biyu ta ƙwarai ta ishe shi. Sai dai a sani mai huɗun tafi kauri, tana buƙatar kan da aka yi dominta.

Inda masu arahar ke cin riba shine saƙar. Fere rigar ka gani, wata zaka ƙirga siraran wayoyin da yatsa basu fi a ƙirga ba, takardar kuma leda ce aka fesa wa launin azurfa. Irin wannan ko an rubuta mata me a jiki ba garkuwa bace.

Ɓangaren sauti

Anan ma akwai ruɗani, saboda kalmar kowaksiyal tana fitowa a bayan na'urorin sauti. Idan ka duba bayan DVD, wasu dikodoji ko hom tiyata zaka ga wani rami guda mai launin lemo an rubuta COAXIAL. Wannan hanyar sautin dijital ce da ake kira S/PDIF, kamfanonin Sony da Philips suka ƙirƙiro ta, kuma 75 ohm take so kamar bidiyo. Ramin irin na RCA ne, wato irin na wayoyin nan ja da fara da rawaya, shi yasa mutane ke soka masa jar waya ko fara ta sauti. A tsawon mita 1 sau da yawa zata yi aiki, idan tsawon ya ƙaru sai sauti ya fara ɗaukewa yana dawowa. Daga cikin wayoyin nan uku ja da fara da rawaya, rawayar ce aka yi akan 75 saboda ta hoto ce, ita tafi dacewa da ramin lemon, in dai ta kirki ce. Guntuwar RG-6 ko RG-59 da aka sa wa kan RCA ma tana yi daidai.

Akwai tsohon musu tsakanin masoya sauti da injiniyoyi akan wayoyi masu tsadar gaske. Masoya sautin suna cewa waya tana shafar daidaiton lokacin da bayanan dijital ke isa, abinda ake kira jita, kuma kunne yana ji. Injiniyoyi basu musanta cewa jita tana nan ba, ana ma auna ta, amma suna cewa na'urorin zamani suna sake daidaita lokacin da kansu, don haka duk wayar 75 mai garkuwa mai kyau sakamako ɗaya zata bayar. A matakin hom tiyata na falo dai babu wani abin a zo a gani da kan zinare zai ƙara, amfanin ruwan zinaren shine hana tsatsa.

Sautin analog kuwa, irin na ja da fara, babu ruwansa da 75. Firikwansin da kunne ke ji bai wuce kilohaz 20 ba, tsawon igiyar wannan a cikin waya ya kai wajen kilomita 10, toh waya mai mita 3 ina ta isa ta haifar da amsa-kuwwa. Abinda ake nema anan garkuwa mai kyau ne da gajarta. Ga makirufo na masallaci ko wajen taro inda waya zata yi mita 20 ko 30, kowaksiyal ba itace amsa ba, ana amfani da waya mai tsinke biyu a cikin garkuwa da kan XLR mai ƙafa uku, wadda take soke hayaniyar da ta shigo a hanya. Daga amfilifaya zuwa lasifika kuma waya biyu masu kauri ake so, ba mai garkuwa ba.

Wani abu da ke faruwa a gidaje, da an haɗa dikoda da hom tiyata sai a ji wani gurnani "huuum" a sifika, a cire wayar dish ya ɗauke. Wannan wutar gida ce mai haz 50 take zagayowa ta garkuwar saboda haɗin na'urorin da ƙasa, wato hanyar da suke sauke wuta cikin ƙasa, bai daidaita ba. Wayar haske ta Toslink, wadda Toshiba ta fito da ita, tana yanke wannan matsalar tunda babu ƙarfe a cikinta.

A gidajen talabijin da wajen masu ɗaukar taro kai tsaye har yanzu kowaksiyal ce sarauniya, ta hanyar SDI, tsarin tura bidiyo na ƙwararru, da kan BNC mai murɗawa ya kulle. HD-SDI tana tura gigabit 1.485 a daƙiƙa, kuma akan waya mai kyau tana kai wajen mita 100, inda HDMI ta talakawa take fara shure-shure tun daga mita 10 zuwa 15. Sai dai kan BNC ma akwai na 50 akwai na 75, na bidiyo 75 ne.

Kai, ruwa da rana

Masu gyara da suka daɗe a sana'ar zasu gaya maka yawancin kiran da ake musu ba tsakiyar waya bace, bakinta ne. Kan da ake ɗaurawa a wayar dish sunansa F, iri uku ne, na murɗawa da hannu wanda shine ya cika kasuwa, na matsewa da filaya, da kuma na dannawa da na'ura ta musamman wanda yake rufe bakin ruf. Na murɗawar shine mafi rauni a waje. Kuskuren da aka fi yi wajen ɗaura shi shine a bar silin saƙa guda ɗaya ya taɓa tsinken tsakiya, nan take dikoda zata rubuta cewa LNB yayi shot, ko sigina ta koma sifili. Wani kuma sai ya yanke saƙar duka ya zubar don aikin yayi kyau a ido, ya manta itace hanyar komawar wuta.

Ruwan sama idan ya samu ƙofa a bakin LNB bin saƙar yake yi a hankali kamar lagwani yana shan kananzir, har ya gangaro mita da yawa, wani lokacin sai an ga tsatsa ko ɗigon ruwa a bayan dikoda a cikin falo. Wayar da ta sha ruwa bata warkewa, sai dai a yanke har inda saƙar take da haske ko a canza ta. Maganin tun farko shine robar rufe baki ko tef mai narkewa ya manne da kansa, ba baƙin salatif na wayarin ba wanda zafin watan Afrilu ke saki. Sannan kafin waya ta shiga ɗaki a sauke ta ƙasa da ramin kaɗan ta yi lanƙwasa kamar ƙugiya sannan ta hau ta shiga, ruwan sai ya ɗiga a waje.

Rana ma tana nata. Farar riga ta PVC an yi ta ne domin cikin ɗaki, idan aka shimfiɗa ta akan kwanon rufi a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder ba zata daɗe ba zata bushe ta tsattsage. Ta waje baƙa ce mai jure hasken rana. Wajen lanƙwasa kuma ƙa'idar da aka saba bi itace kar a matse ta fiye da ninki goma na kaurinta, a RG-6 wajen santimita 7 kenan, kwana mai faɗi ba kusurwa ba. Kuma kar a ɗaure ta jiki da jiki da wayar wutar NEPA a tafiya mai nisa.

Abinda wannan ke nufi ga mai gida da mai gidan kallo

Mai ɗaki ɗaya da dish akan katanga, waya mita 10 zuwa 20, RG-6 ta CCS mai saƙa ta kirki ta wadatar, kuɗin da zai ƙara akan kwafa gara ya sa shi a kai mai kyau da rufe baki. Mai gidan sama, otal, ko gidan kallon ƙwallo da farantansa ke can bayan fili da suwic mai haɗa tauraro da yawa, shi kwafa zalla ce zata raba shi da ɓacewar tashoshi ana tsakiyar wasa, idan tsawon ya wuce mita 70 zuwa 80 kuma a fara tunanin RG-11 a doguwar tafiyar. Mai shago ko makaranta da zai sa kyamara ya nemi kwafa ciki da waje, ya gwada da mayen ƙarfe a gaban mai shagon kafin a yanka.

Sai maganar raba waya ɗaya zuwa talabijin da yawa. Ɗan ƙarfen nan mai baki uku da ake kira sifilita yana cinye wajen dB 3.5 a kowane reshe idan gida biyu ne, mai gida huɗu wajen 7. A eriyar ƙasa yana aiki in siginar tana da ƙarfi. A dish kuwa matsala ce, domin idan dikodar falo tana neman bolt 18 ta ɗaki tana neman 13, LNB ɗaya ba zai iya bin umarni biyu ba, wadda tafi ƙarfi ita zata yi nasara ɗayar ta rasa tashoshinta. Hanyar da ta dace itace LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta.

A shafin sigina na dikoda akwai sanduna biyu, ɗaya ta ƙarfi ɗaya ta inganci, kuma karanta su yana rage asarar kuɗi. Idan ƙarfi yana sama inganci yana ƙasa ko sifili, yawanci faranti ne ya goce ko LNB ya juya. Idan dukkansu sifili ne a duba waya da kawunanta, wataƙila wuta bata isa LNB. Idan hoto yana ɗaukewa ne kawai lokacin da hadari ya haɗo ya dawo bayan ruwa ya tsagaita, wannan halin zangon Ku ne, ruwan dake sararin sama ke shanye siginar, ko wayar zinare aka saka sai ya ɗauke, faranti mafi faɗi ne ke rage shi. Amma idan ruwa ya wuce da kwana biyu tashoshi basu dawo daidai ba, a hau a kwance kan dake jikin LNB a duba launin tsinken, in ya koma kore ko baƙi to ruwa ya riga ya shiga.